Ruwa Yana Shiga, Ba Ya Fita: Me Ke Damun Robar Wankin Ƙoda ta Ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da ciwon ƙoda. Wata biyar ke nan da aka sa masa roba a ciki a Indiya, muna yi masa wankin ƙoda a gida sau huɗu a rana. A Tudun Wadar Zariya muke. Tun shekaranjiya ruwan yana shiga lafiya lau, amma fitarsa sai a hankali. Lita 2 muke sawa, da ƙyar muke samun ɗaya da 'yan kai, kuma sai mun fi awa muna jira. Wani ya ce mana robar ce ta mutu, sai an koma an canza wata. Gaskiya ne? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya saka muku da alheri. Wanda bai taɓa tashi da asuba ya ɗuma jakar ruwa, ya rufe taga saboda ƙura, ya wanke hannu har gwiwa ba, ba zai san nauyin da ke kanku ba.

Da wuya a ce robar nan ta mutu. Tunda ruwa yana bi ta cikinta yana shiga lafiya lau, ramin cikinta a buɗe yake. Abin da ya fi jawo irin wannan matsala shi ne bushewar ciki, wato bayan gida ya taru a hanji, kuma maganinsa ba ya buƙatar jirgi. Amma kafin in shiga bayani, ga abin da nake so ku yi yau, ba gobe ba: ku kai Baba wurin likitan ƙoda. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen masu ciwon ƙoda, ba nisa gare ku. Dalilina shi ne, kwana uku ke nan wankin ba ya tafiya daidai, ruwa da datti suna taruwa a jikinsa. Kada kuma ku ci gaba da zuba cikakkiyar lita 2 a kan ruwan da bai fita ba, domin ciki zai cika ya danne numfashi, ya kuma matsa wa wurin da aka yi aiki. In kun ga yana haki, ko ba ya iya kwanciya sai a jingine, ko ciki yana ciwo, ko zazzaɓi, ko ruwan da ke fita ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, to ko tsakar dare ne ku nemi mota.

Yanzu bari mu zo kan robar kanta, don in ka san yadda take kwance, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Irin wadda aka fi sawa ana kiranta da sunan Henry Tenckhoff, likitan da ya fito da ita a birnin Siyatil na Amurka a 1968. Roba ce mai laushi ta silikon. Wani ɓangarenta yana waje, shi ne wanda kuke haɗawa da jaka. Wani yana bi ta ƙarƙashin fata, ɗauke da zobe biyu masu kama da soso waɗanda nama ke kamawa ya riƙe ta. Na uku yana cikin ciki, bakinsa cike da ƙananan huji a gefe da gefe, kuma mazauninsa shi ne can ƙasan mara, tsakanin mafitsara da ƙarshen hanji, domin nan ne ruwa ke gangarowa ya taru.

Ka ɗauki tiyo ka sa a durom ɗin da leda ke yawo a ciki. In ka hura, ledar za ta ture gefe, iska ta wuce. In ka zuƙa, ledar za ta zo ta manne a baki, ruwa ya tsaya. Haka abin yake a cikin Baba. Lokacin shiga, ruwa yana ture duk abin da ke kusa da bakin robar. Lokacin fita, zuƙowa ake yi, sai hanji ko kitse ya zo ya rufe hujin. Shi ya sa tambayar farko da muke yi wa duk wanda ya zo da irin wannan ita ce: shiga ce ta ƙi, ko fita, ko duka biyun? In fita ce kaɗai, abin yana wajen robar, wani abu ne ke danne ta ko ta bar mazauninta. In duka biyun ne, to ramin cikinta ne ya toshe ko ta lanƙwashe. A ƙa'ida lita 2 kan shiga cikin kamar minti 10, ta fita cikin kamar minti 20. Awa guda ta yi yawa.

Akwai 'yan abubuwan da za ku iya dubawa kafin ku fita daga gida, ba sa cin minti biyar. Ku bi robar da ido daga fata har jaka. Maƙullin a buɗe yake gaba ɗaya? Ba ta lanƙwashe a ƙarƙashin filasta ba? Zariyar wando ba ta danne ta ba? Jakar fitarwa tana ƙasa sosai, ko kun ɗora ta a kan kujera? Sannan a sa shi ya canza kwanciya yayin da ruwan ke fita: ya juya dama, ya juya hagu, ya miƙe tsaye, ya ɗan taka a ɗaki, in da ƙarfi ya durƙusa kamar mai sujada na ɗan lokaci. In juyawa ta sa ruwan ya ɓalle, ka riƙe wannan ka faɗa wa likita, alama ce mai amfani. Daga nan ka ɗora jakar a kan takarda mai rubutu. In kana iya karanta rubutun ta cikin ruwan, ruwan garau yake.

To, maganar bushewar ciki. A nan nake so in daɗe, domin nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ƙarshen babban hanji yana kwance ne daidai inda bakin robar yake. In ya cika ya kumbura, sai ya jingina a jikin robar ya rufe hujinta, ko ya ture ta sama ta bar ƙasan mara gaba ɗaya. Mai ciwon ƙoda kuwa komai na rayuwarsa yana tura shi ga bushewar ciki: an rage masa shan ruwa, yana shan ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, yana shan ƙwayoyin kalsiyam da ake ba shi tare da abinci, ba ya yawo kamar da. In yana da ciwon suga, hanjin kansa kan yi sanyi. In yana shan tiramadol ko kodin saboda ciwon jiki, abin ya ƙaru. Akwai kuma wanda mutane ba su cika sani ba: wankin ƙoda ta ciki yana janye sinadarin fotasiyam, kuma in ya yi ƙasa a jini hanji kan rage motsi. Da yawa daga cikin masu wannan wanki suna nan riƙe da dokar abincin masu wankin inji, sun bar ganye da kayan itatuwa gaba ɗaya, alhali su an fi sassauta musu. A gwada jininsa, in fotasiyam bai yi sama ba, likita zai iya ƙyale shi ya ci miyar kuɓewa, zogale, kabeji, ɗan gwanda.

Na san abin da za ka ce: ai Baba yana zagayawa. Kusan kowa haka yake ce mini. Mutum zai iya fita kullum amma hanjinsa a cike, yana fitar da kaɗan yana barin mai yawa. Sannan a gidajenmu ɗa ba ya tsare mahaifinsa da tambayar yadda bayan gidansa yake, uba ma ba zai buɗe baki ya faɗa wa ɗansa ba. Kunya ce mai kyau, amma a wannan ciwo tana ɓoye mana abin da muke nema. Ka bar wa Hajiya wannan tambayar, ko ma'aikacin jinya ya keɓe da shi. Na taɓa ganin wani dattijo da 'ya'yansa suka riga suka fara cigiyar mai sayen fili don a mayar da shi waje a canza roba. An tambaye shi a gabansu, ya ce lafiya lau yake zagayawa. Da hoton ciki ya fito, sai ga hanji cike tun daga dama har hagu, bakin robar ya haura sama kusa da haƙarƙari. Kwana biyu ana ba shi maganin sassauta ciki, a rana ta uku babban ɗansa ya shigo da jaka a hannu, cike, yana ɗaga ta sama kamar wanda aka yi wa haihuwa. Har yau ina tuna fuskarsa.

Maganin da aka fi amfani da shi a nan shi ne laktulos, wani lokaci a haɗa da bisakodil ko sena na ɗan lokaci, kuma likita ne zai faɗi adadi. Manufar ba fita sau ɗaya ba ce, ana so hanji ya yi motsi sosai ya sauke abin da ke ciki, don wannan motsin ne ma kan jawo robar ta koma mazauninta. Ga gargaɗi da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Kada a shiga kemis a ce a ba da maganin wankin ciki kawai. Duk abin da ke ɗauke da magnesiyam, irin farin ruwan nan na gyambon ciki da ake kira mis-mag, ko gishirin Andrews, ko kuma ruwan da ake ɗurawa ta dubura mai sinadarin fosfet, ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da su, sai su taru a jini su zama guba. Haka jiƙon kanwa, gishiri ne tsagwaronsa, zai ƙara masa kumburi da hawan jini. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuma ba a san ƙarfinsu ba, gudawa mai tsanani tana iya jawo ƙwayoyin cuta su ratsa hanji su shiga ruwan ciki. In Allah Ya sa robar ta dawo aiki, kada a ajiye maganin sassauta cikin. Yawancin masu wannan wanki suna buƙatarsa kullum.

Kusa da hanji akwai mafitsara. Dattijo mai kumburin furostet, wato wani ƙullin nama da ke ƙasan mafitsarar maza, zai iya riƙe fitsari bai sani ba, mafitsara ta cika ta danne robar. Hoton sikanin bayan ya yi fitsari zai nuna.

Sai kuma toshewar cikin robar. Wani lokaci za ku ga zare-zare farare suna yawo a jaka, kamar farin ƙwai da aka zuba a ruwan zafi. Sunansa fibirin, jiki ne ke yin sa, yakan yi yawa bayan kumburin tantanin ciki, wato siririyar fatar da ke lulluɓe da cikin ciki wadda ke tace datti a wannan wanki, ko in jini ya ɗan zuba. Shi da gudan jini kan toshe ramin robar, a nan ne shiga da fita duk sukan yi nauyi. A asibiti ma'aikacin jinya zai ɗauki babban sirinji da ruwan gishirin asibiti, cikin tsafta, ya tura da ƙarfi. Turawa ake yi da ƙarfi, ba zuƙowa ba. Na ga masu jan sirinji iya ƙarfinsu suna neman ruwa ya fito, garin neman gira a rasa ido, domin zuƙowar na iya jawo kitsen ciki ya shige cikin hujin robar. Bayan nan akan sa hefarin, yunit 500 a kowace lita ta ruwan wanki, har zaren ya daina fitowa. Hefarin yana hana sabo taruwa ne, ba ya narkar da wanda ya riga ya daskare. Wannan sai da maganin narkar da gudan jini, irin su altefiles, a cika robar da shi a bar shi kamar awa guda sannan a wanke. Ba aikin gida ba ne ko kaɗan.

In an sauke ciki, an wanke roba, ruwa bai saki ba, hoton eksire na ciki shi ne alƙali. Ni nakan nemi hoton tun farko ma, don ba shi da tsada kuma yana amsa tambaya uku a lokaci guda: ina bakin robar yake, ta lanƙwashe ko a'a, hanji a cike yake ko a'a. Robar tana da wani layi a jikinta da ke fitowa fari a hoto. In ta haura sama ta ƙi saukowa, akwai dabarar zura siririyar waya ta cikinta ana kallo a na'urar eksire mai nuna motsi, a karkato da ita ƙasa. Yakan yi aiki nan take, amma sau da yawa takan sake komawa, musamman in tun wurin sawa an tilasta mata kwanciyar da ba tata ba. Silikon yana da halin komawa yadda aka ƙera shi.

Wanda ya fi taurin kai shi ne kitsen ciki. Ka san kitsen nan mai kama da mayafi da ke lulluɓe da hanji, wanda kake gani in an feɗe rago ranar layya? Mutum ma yana da shi, likitoci suna ce masa omentum. Aikinsa shi ne duk inda ya ji baƙon abu a ciki, ya je ya naɗe shi. Roba kuwa baƙuwa ce. In ya naɗe ta, yakan shiga hujin, yakan ma ja ta sama. Hoton eksire ba ya nuna shi, ana zarginsa ne in komai ya ƙi. Maganinsa aikin kyamara ne: a huda ciki da ƙananan ramuka, a ga abin da ido, a warware kitsen, a ɗinke shi can sama don kada ya sake saukowa, ko a yanke ɓangarensa. In akwai inda hanji ya manne saboda tsohon aiki, a raba. Robar da ke nan ita za a ci gaba da amfani da ita. Wannan ne ya sa ban yarda da maganar wanda ya ce muku a je a canza kawai ba. In ka cire roba ka sa sabuwa ba ka gano abin da ya hana ta farko aiki ba, hanjin nan da kitsen nan suna nan suna jiran sabuwar. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Duniya ta Wankin Ƙoda ta Ciki ta sabunta a 2019 a kan wannan tsari suke: a fara da mai sauƙi, a haura zuwa mai wuya, canji ya zo a ƙarshe. Ana canzawa, ba na musu, in ceton ya gagara ko robar ta lalace daga ciki. Amma ba daga nan ake farawa ba.

Akwai wani bambanci da nake so ka lura da shi, don yana canza hanyar bincike gaba ɗaya. Kai ka ce fitar a hankali take, wannan ya fi kama da matsalar roba. Amma in ruwa yana fitowa da gudu, ya tsaya da wuri, adadin bai cika ba, nauyin mutum yana ƙaruwa, to robar ba ta da laifi. Ko dai tantanin ciki ne ke shanye sugan da ke cikin ruwan wankin, wanda shi ne ke janyo ruwa daga jiki, da sauri har ruwa ya koma jiki, ko kuma ruwan yana yoyo zuwa wani wuri.

Yoyo iri-iri ne. Na farkon kwanaki, cikin kwana 30 da sa roba, yakan fito ta bakin fata ya jiƙa bandeji. Shi ya sa ake so a bar sabuwar roba ta huta mako 2 kafin a fara cika ciki. In an ga bandeji ya jiƙe, a ɗiga ruwan a kan tsinken gwajin suga, in ya nuna suga mai yawa to ruwan wanki ne. Na baya-baya kuma ba ya fitowa waje, yana shiga tsakanin naman ciki ne. Sai ka ga fatar ciki ta kumbura ta yi kamar ɓawon lemo, zariyar wando tana barin shaida mai zurfi, gefe ɗaya ya fi ɗaya. A wajen maza yakan gangara maraina su kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ɓoye saboda kunya. A nan ma ka sa a tambayi Baba a keɓe. Maganin farko shi ne a sauke wa ciki nauyi: a dakatar da wankin ciki na mako ɗaya zuwa uku, ko a koma zuba kaɗan yana kwance rigingine, a bar cikin babu ruwa in zai tashi. Matsin da ke cikin ciki ya fi ƙanƙanta in mutum yana kwance, ya fi yawa in yana zaune, fiye ma da tsayuwa, tari da nishi da ɗaga kaya kuma suna ninka shi. Ɗinke bakin fata don a tsayar da yoyo kuskure ne, ruwan zai koma ƙarƙashin fata ne kawai. Kuma duk yoyon da ya fito waje ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta, likita zai duba ko a ba da maganin kariya.

Ɗan'uwan yoyo shi ne ƙaba, hanji ya turo ta cibiya, ko matsematsi, ko inda aka yi yanka. Lita 2 a ciki dare da rana tana neman duk inda nama ya yi rauni. Ana gyara ta da aiki, galibi a sa raga, mutum ya koma wankinsa a hankali da ruwa kaɗan. Ƙaramar ƙaba ta cibiya ta fi ba ni tsoro a kan babba, don ƙaramin rami ne ke shaƙe hanji. Kullutun da ya yi tauri, yana ciwo, ya ƙi komawa, ga amai, wannan na gaggawa ne. Kuma ku raba Baba da ɗaukar jarkar ruwa ko buhu, da hawa babur a hanya mai gargada da cikinsa cike.

Wanda ba ya yawan faruwa amma yana ruɗar mutane shi ne ruwan ya haura ƙirji. Wasu suna da ƙananan huji a tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ruwan wanki ya bi ta nan ya taru a gefen huhu, kusan kullum a dama, kuma ya fi samun mata. Mutum yana haki, ruwa yana fita kaɗan, sai a zaci ruwa ne ya yi masa yawa a jiki, a koma jaka mai suga kashi 4.25 don a janye. Hakan ƙara cika cikin yake yi, hakin ya ƙaru. Hoton ƙirji zai nuna ruwan, in aka ɗebo aka gwada za a ga sugansa ya fi na jini. Ana zubar da ruwan ciki, a dakata na makonni, wasu hujin kan rufe da kansa, wasu sai an yi aiki.

Ciwo lokacin fitar ruwa, wanda ake ji can ƙasan mara ko dubura daf da ƙarshe, bakin robar ne ke zuƙar tantani in ruwa ya ƙare. Bushewar ciki tana ƙara shi. A rufe maƙulli da zarar ciwon ya fara, a bar ɗan ruwa a ciki. Ciwon shiga kuma sau da yawa sanyin ruwa ne ko gudunsa ko tsaminsa. A ɗuma jaka daidai ɗumin jiki da busasshen zafi, ba a tsoma ta a ruwan zafi ba, a kuma sauke ta ƙasa kaɗan don gudun ya ragu. Da sanyin hunturun Zariya, jakar da ta kwana a ɗaki takan yi sanyi ƙarara, masu ciwon shiga sun fi yawa a wannan lokaci.

Bari in ce wani abu kan ɓangaren da ke waje, don shi ne ke hannunku. Zoben da ke kusa da fata ana ajiye shi kamar santimita 2 zuwa 4 daga bakin ramin. In ana yawan fizgar robar, ko tana reto ba a ɗaure ba, ko wurin ya daɗe yana ruwa, zoben kan leƙo waje. In ya leƙo ba a mayar da shi, kuma ba a ja. Likita zai aske shi a hankali ya raba shi da robar, don in an bar shi yana tara datti. Robar ta kasance a manne da filasta ko cikin ɗamara ta musamman, ba ta motsi a bakin fata.

Almakashi da reza kuwa, ku fitar da su daga ɗakin wanki. Yawancin robobin da na gani sun huje, wurin yanke filasta ne aka yanke su. Wata mata ta taɓa kawo mijinta, hannunta na rawa, ta ce filasta ce ta manne ta sa reza, sai ta ga ruwa yana tsartuwa. Abin da ta yi daidai shi ne ta naɗe robar ta ɗaure tsakanin hujin da fata, ta rufe da bandeji mai tsafta, ba ta sake zuba ruwa ba, suka taho. Wannan shi ne abin yi. In hujin ya bar aƙalla santimita 2 na lafiyayyar roba daga fata, ana iya yankewa a sa sabon mahaɗi, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta don kariya. Kada a liƙe da filasta ko gam a ci gaba. Sifirit da man shafawa barkatai su ma suna cin roba a hankali, sai abin da aka ba ku kawai. Gajeriyar robar da ke haɗe a baki, wadda kuke murɗawa, ana canza ta duk wata 6 a asibiti. Naku saura wata ɗaya, ku tambaya tun yanzu ko kuna da wata a ajiye mai dacewa da irin jakunkunanku, don mahaɗin kamfani ɗaya ba lallai ya shiga na wani ba.

Ina faɗar wannan ne saboda halin da muke ciki. A Najeriya masu yin wankin ƙoda ta ciki a gida kaɗan ne, ruwan daga waje ake shigo da shi. An fi amfani da dabarar ga yara ƙanana da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya bayan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko gudawa, sau da yawa ma da robar da aka yi don wani aiki daban, kuma toshewa da yoyo su ne abin da likitocin yara ke fama da su. Sudan ta kafa shirin ƙasa na wannan wanki tun 2005, ni ina ganin mu ma da muna da irinsa, da iyali irin naku ba su zauna cikin ɗimuwa kwana uku ba. Ma'anar wannan gare ku ita ce, ba kowane ma'aikacin lafiya da kuka tarar a ɗakin gaggawa ne ya saba da robar ba. Ba laifinsa ba ne. Ku nemi a kira na sashen ƙoda, kuma cikin ladabi kada ku bar kowa ya buɗe bakin robar ba tare da wanke hannu da rufe hanci da baki ba.

Mai yiwuwa likita ya ce a yi wa Baba wankin inji sau ɗaya ko biyu kafin robar ta dawo, musamman in gwajin jini ya nuna datti ya taru ko ruwa ya yi yawa. Kada ku ɗauka an koma baya ne ko an yar da wankin ciki. Gada ce ake bi a ƙetare.

In za ku tafi, ku riƙe jakar ƙarshe da ta fita don a gwada ruwan, da littafin da kuke rubuta shiga da fita da nauyinsa na kwanakin nan, da duk magungunan da yake sha har da na gargajiya in akwai, da takardun aikin da aka ba ku a Indiya masu nuna irin robar da yadda aka sa ta. Ku ɗauki jaka biyu ko uku sababbi da murafunsu, don ba lallai a samu irinsu a asibitin ba, kuma za a buƙace su wurin gwada robar bayan an wanke ta. Allah Ya ƙara sauƙi. In hoton ya fito, ka sanar da ni inda bakin robar yake.